Yadda Ake Ɗana Kyamara a Kurmi Don Sanin Halin Namun Daji

A yankin Gashaka na jihar Taraba ana kiran cimpanzi biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa, amon ya ratsa kurmi kamar ana kiɗa a ƙauyen da ke bayan tudu. Gangar kam za ka ji, mai gangar ne ganinsa sai an dace. Na yi makonni ina bin sawunsu a kurmin Kwano, ni da wani dattijo tsohon maharbi da nake kira Baba. Abin da muke tararwa bai wuce sheƙar da suka kwana a ciki ba, da ɓawon ciwo, da kashi, da 'yan tsinkayen da suka yar a bakin gidan kwarkwasa. Ranar da na fara ganin fuskar ɗayansu da kyau, a kwamfuta na gan ta, da daddare, muna zaune a tabarma. Wata uwa ce ta tsugunna nesa kaɗan da ramin, ta miƙa hannu ta zura tsinke, ta jira kwarkwasa suka hau, ta zare ta kai baki da sauri tana karkaɗe ƙafa. Ɗanta na manne a gefenta, idonsa a kan hannunta, bai ƙifta ba. Minti ɗaya cif. Kyamarar da muka ɗaure a jikin wani itace kusan mako uku kafin nan ce ta ɗauka.

Ina rubuta wannan ne domin ɗalibai da ma'aikatan gandun daji da aka miƙa wa kwalin kyamarori aka ce su je su yi bincike. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, hoto ɗaya ba hali ba ne. Wancan bidiyon uwa da ɗa ya sa gashin jikina ya tashi, amma shi kaɗai bai gaya mini ko kullum suke zuwa ba, ko da safe suka fi zuwa, ko mata sun fi maza yi. Hali sai abu ya maimaitu, an ƙirga shi, an kuma ƙirga dararen da kyamara ta kwana ba ta ga komai ba.

Yadda abin yake aiki

Kyamarar tarko akwati ne ɗan ƙarami, bai fi tafin hannu biyu ba, da ake ɗaurewa a jikin itace a tafi a bar shi. Dabarar tsohuwa ce. Wani Ba'amurke, George Shiras, ya yi ta tun shekarun 1890 da zare da dabba za ta taka, har mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Na yanzu ba su da zare. A ƙasan idon kyamarar akwai wata 'yar taga ta baƙar roba, bayanta na'ura ce mai jin ɗumi. Ba motsi kawai take ji ba, ba kuma zafi kawai ba, sai abu mai ɗumin da ya bambanta da na wurin ya gitta ta gabanta. Idan ka gane wannan, ka gane rabin matsalolin aikin. Shi ya sa maciji da guza za su wuce ba ta farka ba, don jikinsu ɗaya yake da ƙasar da suke ja a kai. Shi ya sa kuma ganyen da rana ta gasa, iska ta kaɗa shi, zai cika maka kati da hotunan banza. Dabbar da ta ratsa ta gefe ta fi saurin tayar da ita fiye da wadda ta doso ta kai tsaye.

Da dare tana haskawa da fitilar da idon mutum ba ya gani sosai. Iri biyu ne: mai lamba 850 tana ɗan yin ja kamar garwashi, hotonta ya fi fitowa, mai lamba 940 ba ta nuna komai, hotonta ya ɗan fi duhu. Don nazarin hali ni 940 nake zaɓa, saboda ba na son dabba ta tsaya kallon garwashi ta bar abin da ta zo yi, kuma ɓarawo ma bai cika hango ta ba. Mai farin walƙiya irin ta masu hoton biki sai idan zanen jikin damisa kake son gani da launinsa.

Wajen saye, duba saurin farkawarta, kada ya wuce rabin daƙiƙa. Duba ko tana ɗaukar bidiyo da sauti, da tsawon da take iya ɗauka da dare, don wasu suna yin minti ɗaya da rana amma su gajarta idan duhu ya yi. Yawan lambobin kyan hoto da ake rubutawa a kwali kada su ruɗe ka. Kuma in da hali, dukkan kyamarorin su zama iri ɗaya. Idan ka gauraya, ba za ka san ko wurin ne ya fi dabbobi ba ko kyamarar ce ta fi kunne.

Tambaya kafin kyamara

Kafin ka sa batir ko ɗaya, zauna ka rubuta tambayarka a jimla guda. "Ina so in ga abin da ke cikin daji" ba tambaya ba ce. "Da wane lokaci gada take fitowa a inda shanu ke ratsawa, da kuma inda ba sa ratsawa?" tambaya ce. "Su wa ke cin 'ya'yan atili da suka zubo, kuma wa ke riga wa?" tambaya ce. Ita za ta gaya maka inda za ka ɗaura.

Hanya biyu ce, kuma kada ka haɗa su a lissafi ɗaya. Ta farko, ka shimfiɗa taswira ka ja layuka, ka sa kyamara a duk inda suka haɗu, ko wurin ya yi maka ko bai yi ba. Tsarin da aka sani da TEAM, wanda aka yi amfani da shi a kurmin Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, wuri 60 yake sawa, kyamara ɗaya a kowace murabba'in kilomita 2, kwana 30 a kowane wuri, da rani. Wannan ita ce hanyar kwatanta wuri da wuri ko bana da bara. Idan kyamarorinka 20 ne, sai ka yi zagaye uku.

Ta biyu, ka je inda ka san ana yin abin da kake nema: gindin ɓaure ko ɗinya mai zuba, gidan kwarkwasa, kogon zuma, wurin lasar kanwa, mashaya, bakin rami. Wasu manyan abubuwan da aka gano game da halin birai ta nan suka fito. A kurmin Goualougo na Jamhuriyar Kongo, Crickette Sanz da David Morgan sun kafa kyamarori a gidajen gara, a 2004 suka nuna cewa cimpanzi yana zuwa da kayan aiki biyu, sanda mai kauri ta huda ƙasa da siririn tsinke na kamun garar. A 2016 masu binciken PanAf, wani shirin nazarin cimpanzi a faɗin Afirka, suka bayyana yadda wasu cimpanzi a Afirka ta Yamma ke jifan itatuwa da duwatsu har duwatsun su taru a gindi. Na Gashaka kuwa an san su da kwarkwasa da zuma, gara ba ta dame su ba duk da tana nan birjik. Ka ga kenan wanda ya karanta labarin Kongo ya zo ya jera kyamarori a suri a Kwano, zai iya yin wata uku yana ɗaukar hoton suri.

Amma wannan hanya ta biyu tana da tarkonta. Idan ka sa kyamara a mashaya kaɗai, za ka dawo ka ce aikin mazo shan ruwa ne. Rubuta a fili cewa kai ka zaɓi wurin, da dalilin zaɓen. Kuma kada ka zuba gishiri ko kifi ko manja don jawo dabba. Abin da za ka ɗauka halin dabba ne a gaban kyauta, ba halinta ba.

Wanda ya san dajin

Gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991, ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Najeriya, kuma a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake mai tsayin mita 2,419. Ba a shiga irin wannan wuri da ka. Sai ka nemi izinin bincike a rubuce daga hukumar gandun daji, ka gabatar da kanka a Serti, a haɗa ka da ma'aikata, ka kuma gaida mai gari a duk ƙauyen da za ka ratsa. Ko a wane daji ne, wannan shi ne matakin farko.

Bayan takarda, sai mutum. Na'urar GPS za ta kai ka inda ka sa ɗigo a taswira, amma ba ta san hanyar dabba ba. Rana ta farko na zaɓi wani fili mai kyau, sarari, haske na shiga, na fara kwance igiya. Baba ya tsaya yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, nan wa kake jira?"

Na ce, "Baba, ai nan hoto zai fi fitowa."

Ya ce, "Zo ka gani." Ya ja ni kamar taku goma zuwa cikin sarƙaƙiya, ya durƙusa, ya ɗaga wani reshe. A ƙasa akwai 'yar hanya da faɗinta bai kai tafin hannu biyu ba, ganyen cikinta ya kwanta ya yi santsi. Ya nuna mini sawun kofato biyu a laka, ƙanana kamar kan yatsa, ya ce gada ce, ta wuce da asuba, don raɓa ba ta cika ramin ba. Ya nuna wani itace da ɓawonsa ya goge daidai gwiwata, laka ta bushe a jiki da 'yan jajayen gashi, ya ce nan jan alade ke susa idan ya fito daga taɓo. Ya ɗauki wata ƙaya fara da baƙi, ta beguwa. A wurin da ni ban ga komai ba sai ganye, shi dabba uku ya karanta mini. Nan muka ɗaura.

Ka biya irin wannan mutum haƙƙinsa da kyau, ka rubuta sunansa a rahotonka idan ya yarda. Ilimin da ya tara shekara arba'in ne kake ara.

Ranar ɗauri

Aikin yana farawa tun a sansani, a kan tabarma busasshiya. Kowace kyamara a ba ta lamba da fenti a ciki da waje. Kowace tana da kati biyu masu lambarta, ɗaya a ciki ɗaya a aljihunka, kuma a cikin kyamarar za ka share katin, ba a kwamfuta ba. Mai 32GB ya isa wata guda a yawancin wurare. Batir kuwa, na litiyam ya fi daɗewa, masu caji sun fi sauƙin kuɗi a ƙarshe idan kana da sola, na kanti na tocila kuwa bidiyon dare yana shanye su cikin 'yan kwanaki. Kada ka haɗa sabo da tsoho.

Sai agogo. Wannan ɗan hakin ne da ake rainawa. Duk maganar da za ka yi kan dabbar dare da ta rana a kan agogon nan ta tsaya. Sa shi a tsarin awa 24, ka daidaita duka da agogon GPS ɗaya, mutum na biyu ya sake dubawa. Na taɓa dawowa da katin da ke nuna bika suna wasa ƙarfe biyun dare cikin hasken rana tarwai, saboda an saita safe a madadin yamma. Wannan ya gyaru don kuskuren awa 12 ne daidai. Wanda ba ya gyaruwa shi ne kyamarar da ta koma ranar masana'anta bayan canjin batir ba wanda ya lura. Don haka duk lokacin da ka buɗe ta, duba kwanan wata kafin ka rufe.

Idan hali kake nema, sa ta a bidiyo na minti ɗaya, tazarar da ke tsakanin ɗauka da ɗauka ta zama mafi ƙanƙanta da kyamarar ta yarda. Idan lokacin fitowa kawai kake so, hoto uku a jere ya isa, kuma batir zai daɗe.

A wurin, nemi itace mai kauri da iska ba ta girgiza shi, rayayye, wanda ba hanyar tururuwa ba ne. Tsawo daidai gwiwa, santimita 30 zuwa 50, shi ke kama gada da tunku da inyawara da damisa gaba ɗaya. Kusan kowa yana ɗaurewa sama da kima a karon farko, saboda mutum da tsayinsa yake auna duniya. A gidan kwarkwasa ko kogon zuma nakan ɗaga zuwa ƙugu in ɗan sunkuyar da ita, don in ga hannu da abin da ke hannun. Nisa daga hanya taku huɗu zuwa shida. In ta yi kusa, fitilar dare za ta wanke dabbar ta koma farin gunki. In ta yi nisa, gafiya da kurege ba za su tayar da ita ba. Kada ka fuskantar da ita ga hanya a miƙe, karkata ta yadda dabba za ta daɗe a cikin hoton tana tahowa tana ratsawa. A bakin kurmi ko bakin rafi inda rana ke shigowa, juya ta arewa ko kudu. A gangare, cusa ɗan kara a bayanta har idonta ya bi kwanciyar ƙasa.

Ganyen da ke gaban ido da wanda zai kaɗa kusa, cire su da hannu ko wuƙa. Kada ka sa adda ka yi sharar gona. Dabba ta san hanyarta kamar yadda ka san tsakar gidanku, in ta ga an sauya za ta kauce. Ka tuna kuma da damina ciyawar da ka bari a idon sawu, kafin mako uku ta kai ga kyamarar.

Daga nan sai gwaji. Sa ta a yanayin gwaji, ɗayanku ya rarrafa a kan hanyar da hannu da gwiwa, daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama, ɗayan yana kallon 'yar fitilar. Rarrafe nake nufi, ba tafiya ba, don gada ba ta kai tsayin mutum ba. Cire katin ka duba hoton a waya ko ƙaramar kyamara. In ya yi, rubuta lambar wuri da kwanan wata da lokaci a allo, kunna kyamarar, tsaya a gabanta da allon ta ɗauke ka. Ranar ɗaukewa ma haka za ka yi kafin ka taɓa ta, shi ne shaidar cewa tana raye har ƙarshe. A littafi kuma rubuta lambar GPS, irin itacen, tsawo, inda ta fuskanta, irin wurin, da alamun da kuka gani. Da fensir, biro yana narkewa a ruwa. Kafin ka juya, sake duba cewa makunnin yana kan aiki, ba gwaji ba.

Wani abu da ba na wasa da shi: a inda cimpanzi ko gorila suke, wanke hannu kafin ka taɓa kyamarar, sa takunkumi, kada ka tofa yawu, kada ka ci abinci ka bar saura a wurin. In kana mura, zauna a sansani. Murar da za ta kwantar da kai kwana biyu tana kashe su, an tabbatar da haka a kurmin Tayi na Kodebuwa. Kuma 'ya'yansu suna taɓa kyamara, suna shinshina ta, wani lokaci har su lasa.

Ruwa da ƙwari

Kurmi ba ya son na'ura. A Gashaka ruwa yana sauka daga wajen Afrilu har Nuwamba, kuma ko ba a ruwa, laima na nan. Sa ƙunshin silika, irin 'yan ƙwayoyin da ake samu a kwalin sabon takalmi, a cikin kowace kyamara, ka sauya duk zuwa. Kada ka buɗe ta ana yayyafi. In dole ne, wani ya riƙe maka lema, ka goge bakin da tsumma kafin ka buɗe. Duba robar bakin murfin, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ba ruwa hanya. Muna yanka tsohuwar jarka mu yi mata 'yar rumfa a sama, yadda ba za ta shiga hoto ba.

Tururuwa ta ramin makirfo take shiga. Na taɓa buɗe wata na tarar an cika gurbin batir da farin ƙwai, allon ciki ya yi kore. Tun daga nan nake shafa man basilin a igiya da bayan akwatin. Gara tana cin igiyar zare, don haka ta roba ko waya ta fi. Gizo-gizo yana son saƙa a kan taga mai jin ɗumi. Bika kuma, in ya ga dama, zai juya ta ta koma kallon sama, maganinsa akwatin ƙarfe da ɗauri mai ƙarfi. Kada ka ɗaura a kwarin rafi don ka ga ya ƙafe, ruwan dutse dare ɗaya yake cika shi. Da rani kuma ka nisanci bakin kurmi inda gobarar ciyawa ke lasowa.

Zuwa dubawa, mako uku zuwa huɗu ya yi. Na san zumuɗin son gani, amma duk zuwa ƙamshinka kake bari, kuma sawunka yana nuna wa wasu hanya.

Mutanen da za su shiga hoton

Kyamara ba ta tantance gada da mutum. Za ta ɗauki makiyayi da shanunsa, mai neman zuma, mace mai itace, wani lokaci mai bindiga. Tun kafin ka fara, je ka zauna da mai gari da arɗo, ka buɗe kyamarar a gabansu, ka nuna musu abin da take yi da abin da ba ta yi. Jita-jita tana gudu fiye da kai, kuma abin da ba a sani ba shi ake fasawa. Mun taɓa rasa guda biyu a mako ɗaya a wani kwari da ba mu je gaisuwa ba. Bayan mun je mun yi bayani, muka kunna musu bidiyon jan alade da 'ya'yanta, ba a sake taɓa ko ɗaya ba. Manna 'yar takarda a jiki da Hausa da Fulatanci mai cewa ta nazarin dabbobi ce.

Hoton mutum amana ne. Kada ya hau Facebook, kada ya zaga a waya. Ku yi yarjejeniya da hukumar wurin tun farko kan abin da za a yi da irin waɗannan hotuna, ku tsaya a kanta. Haka kuma wurin da ka ga ɗankunya ko damisa, kada ka bayyana shi a fili, kada lambar GPS ta fita tare da hoton. Masu fataucin ɓawon ɗankunya su ma suna da waya.

Bayan an dawo da kati

A nan ne yawancin bincike ke mutuwa, cikin kwamfutar da aka cika da dubban hotuna ba wanda ya zauna a kansu. Daren da ka dawo, kwafe kowane kati a jakarsa mai lambar wuri da kwanan wata, a wuri biyu daban, kafin ka buɗe ko hoto ɗaya. Kada ka goge marasa komai, kada ka sauya sunan fayil da hannu. Akwai manhajoji na kyauta irin su Timelapse da Camelot na tsara aikin, MegaDetector kuma yana ware masu dabba daga fanko, amma bi bayansa, don ƙaramar dabba a duhu tana kuɓuce masa.

Kafin ka fara kallo, rubuta jadawalin halaye, kowanne da ma'anarsa a jimla ɗaya: wucewa, ci, sha, shinshina ƙasa, tsayawa cik da kai a sama, goga jiki a itace, duban gashin juna, wasa, kora, amfani da tsinke, kallon kyamara. Rubuta abin da ido ya gani. "Ta ɗaga kai daƙiƙa 8, kunnuwa a gaba" shi ne bayani. "Ta ji tsoro" fassararka ce. Ba wa abokin aiki bidiyo 50 ya cike shi kaɗai, ku kwatanta. Inda kuka saɓa, ma'anar ce ba ta fito ba, ku gyara ta. Abin da ba ka gane ba, rubuta "ba a gane ba". Gada iri-iri ce a kurmi, kuma da dare duk launinsu ɗaya.

Kallon kyamara na sa shi a jadawali da gangan. Wani bincike da aka buga a 2019 kan manyan birai a Afirka ya nuna bonobo, 'yan uwan cimpanzi na kusa, sun fi damuwa da ita, cimpanzi sun fi ko-in-kula, ƙanana kuma sun fi manya daɗewa suna kallo. Don haka kwanakin farko ka duba su da ido na daban.

Garken jan alade zai iya zama a gabanta awa guda ya ba ka bidiyo 40. Zuwa ɗaya ne, ba 40 ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, iri ɗaya a kyamara ɗaya, sai an sami tazarar minti 30 kafin a ƙirga sabon zuwa. Wasu awa ɗaya suke sawa. Zaɓi ɗaya ka faɗe shi. Sannan ƙirga dararen aiki na gaskiya. A ce kyamara 10 ka sa dare 30, dare 300 kenan. Biyu suka mutu a dare na 10, ka yi asarar 40, saura 260. Idan gada ta zo sau 13, sakamakonka zuwa 5 ne a kowane dare 100. Wannan adadin ba yawan gada ba ne, gada ɗaya mai son hanyar za ta iya ba ka shi. Ƙirga ɗaiɗaiku sai a dabbar da ake bambancewa, kamar damisa da zanenta, inda ake sa kyamara biyu a ɓangarorin hanya don a sami haƙarƙarin dama da na hagu, ko cimpanzi da fuskarsa da yagewar kunne.

Lokutan zuwan kuma ka jera su a kan awa 24, iri da iri. A nan dajin yake fara magana: wa ke fita da asuba, wa ke jiran duhu, wa ke kauce wa wa. Zuwa biyar ko shida ba su isa a zana komai ba, bari su taru. Ka kuma san iyakar kyamarar gwiwa. Biri mai roro da baƙin biri a sama suke rayuwarsu, rashinsu a katinka ba rashinsu a daji ba ne. Ana ɗaura kyamara a rassa, amma wannan sai da igiyar hawa da horo, ba aikin ƙarfin hali ba ne.

Haƙuri kuma dole ne. Gorilar Kuros Riba, da ake ƙiyasin saura kusan 300 a duniya, masu bincike sun yi shekaru suna bin sheƙa da kashinta, sai a 2020 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotunan garke da jarirai daga tsaunukan Mbe na jihar Kuros Riba, kuma kyamarar tarko ce ta ɗauka.

Idan an gama, koma ƙauyen da kwamfutarka. Mukan jira bayan isha, mu kafa ta a kan turmi a ƙofar mai gari, yara a gaba manya a baya. Daren da muka nuna bidiyon uwar nan mai tsinke, Baba ya sa na maimaita sau uku. A na ukun ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin, ya sa yatsa a kusurwar hoton, ya ce, "Tsaya, yaro. Ga wani can a bayan kwakwar, shi ma da nasa tsinken." Na koma littafi na gyara adadin daga biyu zuwa uku, washegari muka koma da kyamara ta biyu muka ɗaura ta fuskar kwakwar.